Kurakuran da ke lalata tsohon madubin tangaran mai zanen hannu

Madubin da ake magana a kai shi ne irin na Turai, mai firam na tangaran da aka ƙawata da furanni da siffofin allolin tatsuniyoyin Girka da Rum, irin su Binus da ɗanta Kupid mai kwari da baka. Mafi yawan ɓarnar da ake gani a jikinsa hannun mai gyara ne ya yi ta, ba tsufa ba.

Kuskure na farko tun wajen saye ake yinsa, wato dogaro da tambari kawai. Masana'antar Meissen ta Jamus, wadda aka kafa a 1710, tambarinta takubba biyu ne shuɗɗa a gicciye, kuma an sha kwaikwayonsa. Haka ma harafin N mai kambi da ake dangantawa da Capodimonte ta Italiya, masana'antu barkatai sun buga shi. Maimakon dogaro da tambari, a sa gilashin ƙara girma mai ninki 10 a kan fuskar siffar. Zanen hannu yana nuna sawun burushi, launi ya yi kauri nan ya yi siriri can. Na bugu kuwa ɗige-ɗige ne jere reras. Fitilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, a ɗaki mai duhu tana tona wurin da aka taɓa liƙewa aka shafe da fenti.

Sai wanki, inda aka fi tafka ta'asa. Launuka da ruwan zinariya a saman ƙyallin tangaran suke zaune, don haka soso ko garin goge tukunya kankare su yake yi. Bilic ya fi muni: yana shiga tsaga, ya bar gishiri da zai ɓamɓare ƙyallin daga baya. A fara kaɗe ƙura da burushi mai laushi, sannan a naɗa auduga a tsinke, a jiƙa ta kaɗan da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu ɗaya, a bi fure-fure. Zinariyar kam a bar ta a bushe. Kada a fesa komai a fuskar gilashin, domin ruwan yana gangarawa ya shige baya ya baƙanta gefe. Tsumma ake ɗan jiƙawa.

Gilashin kansa yana da nasa haɗarin. Kafin Justus von Liebig ya fito da hanyar shafa azurfa a 1835, da zaiba da kuza ake yin bayan madubi, kuma an ci gaba da hakan shekaru da dama. Irin wannan ba a kife shi, ba a juya shi sama ta koma ƙasa, saboda zaibar tana taruwa a gindi. In an ga ƙwayoyinta sun zubo, guba ce: a buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya ko injin zuƙar ƙura. Dishi-dishin tsohon gilashi da wasu ke ƙi har su canja gilashin, shi masu saye ke nema, canjin yana karya farashi.

In ganye ko yatsan siffa ya ɓalle, kada a liƙa shi da sufa gulu. A naɗe guntun a takarda mai laushi, a kai wa ƙwararre. Ƙwararru Paraloid B-72 suke amfani da shi, gam ne da asiton, sinadarin goge jan farce, ke narkarwa in an so a sake aikin.

Wajen ratayewa, ƙugiya biyu a bango mai ƙarfi, nesa da bayan gida da hasken rana, kuma a ɗauke shi ta katakon baya, ba ta furannin ba.