Aikin Leza na Kumburin Furostet: Abin da Nake Gaya wa Dattawa Kafin Tiyata

Furostet nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarsa. Idan shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar, sai dattijo ya yi ta tashi cikin dare, fitsarin na fita da ƙyar. Wannan kumburin ba ciwon daji (kansa) ba ne. In magunguna irin su tamsulosin da finasteride sun gaza, ko har an kai ga sa robar fitsari, likita zai kawo maganar aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni nake shirya marasa lafiya.

Ba a yanka ciki. Ta gaba ake zura siririyar na'ura mai kyamara cikin hanyar fitsari, mutum yana barci ko an yi masa allurar kashin baya. Ta cikinta ake aiki da leza, wani haske mai ƙarfi da ke yanka nama ko ƙona shi. A nau'in aikin da ake kira HoLEP, wanda Peter Gilling da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a New Zealand a shekarun 1990, ƙwaƙule naman ake yi kamar a cire tsokar lemo a bar ɓawon, sannan a niƙa shi a zuƙo, a kai awo a duba ko akwai ciwon daji. Nau'in da ake kira GreenLight kuwa ƙona naman yake ya zama tururi, babu abin kaiwa awo, don haka gwajin jini na PSA, mai taimakawa wajen gano ciwon dajin furostet, kafin aiki ba abin tsallakewa ba ne. Tambayi likita wanne zai yi, kuma hannunsa ya saba da shi? Ba kowane asibiti ke da na'urar ba.

Ranar ganin likita, a zo da ledar magunguna gaba ɗaya, har na gargajiya. Mai shan maganin hana daskarewar jini, irin su aspirin, warfarin ko clopidogrel, kada ya daina da kansa, likita ne zai faɗa. A yi awon fitsari, in akwai ƙwayoyin cuta a fara magance su.

Sai maganar da kunya ke binnewa. Nakan sallami 'ya'ya waje in ce, "Baba, akwai sauran neman haihuwa?" Bayan aikin, yawancin maza maniyyinsu mafitsara yake komawa maimakon ya fito. Ba ya cutarwa, ƙarfin namiji ma galibi yana nan, amma samun ciki zai yi wuya. Mai amarya ya ji wannan tun kafin ya sa hannu a takarda.

Robar fitsari takan kwana ɗaya ko biyu. A gida a sha ruwa sosai, shi ya sa ba na son a sa ranar aiki dab da azumi. Zafin fitsari da ɗan jini-jini na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne. Wasu sukan yi ɗigon fitsari na ɗan lokaci: a riƙa matse tsokar da ake riƙe fitsari da ita ana saki, sau da yawa a rana, batun tsarki da sallah kuma a tambayi malam. Ban da hawa babur, ɗaukar buhu da kusantar iyali na kamar wata guda. A ci ganye da gwanda, don yunƙurin bayan gida na tayar da jini.

In fitsari ya tsaya cak, ko gudajin jini na fita, ko zazzaɓi da rawar sanyi sun kama mara lafiya, a koma asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.