Darasi na 9: Ƙafar Mai Ciwon Suga

Ciwon suga idan ya daɗe a jiki, yakan lalata jijiyoyin ƙafa a hankali. Da farko mutum ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa, musamman da dare. Daga baya ƙafar ta daina jin komai. Hanyoyin jini ma kan tsuke, sai ƙaramin rauni ya ƙi warkewa.

Rashin jin zafin nan shi ne babban haɗari. Ƙaya ta soke ka, ka wuni kana takawa ba ka sani ba. Kafin a ankara wurin ya zama gyambo, yana wari, yatsa ya yi baƙi. Daga nan likita ya fara zancen yanke ƙafa.

A shekarar 2021 an ƙiyasta manya miliyan 537 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma ko'ina ƙafa na ba su wahala. A Tanzaniya da Indiya, likitoci sun ga mutanen da ɓera ya gwigwiyi yatsunsu suna barci, ba su farka ba. A Makka kuwa, alhaji mai suga kan rasa takalminsa a ƙofar masallaci, ya taka ƙasa mai zafi da rana tsaka, tafin ƙafarsa ya saɓule.

To, tunda ƙafar ba ta ji, sai ido ya yi mata aiki. Kullum ka duba ta a wuri mai haske: sama, ƙasa, diddige da tsakanin yatsu. In ba ka iya sunkuyawa, sa madubi, ko wani a gida ya duba maka. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta. Lokacin hunturu ka shafa man kaɗanya a diddige saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ka miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Ruwan wanka kuma, taɓa shi da gwiwar hannu tukuna.

Kafin ka sa takalmi, zazzage shi, ka zura hannu ciki. Kada ka yarda mai yankan farce ya kankare maka kanta da reza.

Da zarar ka ga rauni, kumburi ko canjin launi, tafi asibiti a ranar. Kada ka tsaya barbaɗa gari, kada ka jira ya yi ciwo.

Aiki: Rubuta wurare huɗu da za ka duba a ƙafarka yau.