Yadda Ake Nutso da Shak Mai Farin Fiffike

'Yan'uwa da ke koyon nutso a nan Legas sukan tambaye ni inda za su ga shak mai farin fiffike, wato wani babban kifin teku mai cin nama. Kada ka wahalar da kanka a Tarkwa Bay, kifin tsakiyar teku ne. Ka hau jirgi zuwa Alƙahira, ka zarce Marsa Alam a gaɓar Bahar Maliya. Tsakanin Oktoba da Disamba aka fi samunsa a Elphinstone da Daedalus, wuraren nutso biyu a cikin tekun. Sai dai ka goge tukuna, wajen ba na ɗan koyo ba ne, igiyar ruwansa da ƙarfi.

Gane shi ba wuya. Tsawonsa wajen mita 2, fikafikansa dogaye ne masu zagayayyen baki, bakin fari kamar an tsoma shi a gari, ga ƙananan kifaye masu zane suna masa rakiya. Ba ya gudun mutum. Zai nufo ka a hankali, ya zagaya, ya dawo.

Nan ne abin yake. Ka miƙe tsaye cikin ruwa, ƙafa ƙasa, hannuwa a ƙirji, ido a kansa. Ya zagaya, ka juya tare da shi, kada ka ba shi baya, kada ka yi ta harbe-harben ƙafa. Ku dunƙule wuri ɗaya, abokinka yana duba maka bayanka, domin wanda ya ware shi kifin ke bi. In ya matso ƙwarai, sa kyamara a tsakaninku. Ban da taɓawa, ban da ba shi abinci.

Mutane sun ɗauka haɗarin yana can ƙasa, alhali kusa da saman ruwa yake kewaye, a ƙarƙashin jiragen ruwa. Saboda haka tsayuwar minti 3 da ake yi a zurfin mita 5 kafin fita, a nan nake so ka fi buɗe ido. Ku fita ɗaya bayan ɗaya, da zarar kanka ya ɓullo ka haye kwalekwale, ba a hira a sama.

Abin da ke ci mini rai, tun 2019 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda kamu da cinikin fikafikansa. Kamfanin da ke zuba nama a ruwa don ya jawo shi, kada ka ba shi ko sisi.

Bayan nutson ƙarshe ka bar awa 24 kafin ka hau jirgin saman dawowa Legas.