Yadda Ake Kwatanta Dogaron Jiragen Ƙasa Kan Dizal da Kwal Tsakanin Ƙasashe

Duk mai son sanin ƙasar da jiragenta suka fi cin makamashin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wato dizal da kwal da iskar gas, sai ya fara da raba layukan dogonta gida biyu: waɗanda aka ja wa wayar lantarki da waɗanda ba a ja wa ba. A Amurka masu waya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a Siwizalan kuwa kusan babu layin da ba shi da ita. A nan a kula da kan jirgin da ake kira mai dizal da lantarki, domin injin dizal ne ke juya janareta a cikinsa, janaretan ya ba injinan lantarkin da ke juya ƙafafun wuta, saboda haka a rukunin dizal za a lissafa shi.

Tsawon layi kaɗai ba ya wadatarwa. A Tarayyar Turai layukan da ke da waya sun ɗan haura rabi ne kawai, amma su ne ke ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na zirga-zirga.

Aikin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne bin wayar har zuwa tashar da ta samar da wutar. Indiya ta ja waya a kan fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan layukanta, sai dai kusan kashi 70 na wutar ƙasar daga kwal take fitowa, kuma kwal ɗin ma shi ne babban kayan da taragunta ke ɗauka. Jirgin lantarki a Faransa, inda nukiliya ta fi rinjaye, ko a Siwizalan, inda madatsun ruwa ke ba jiragen mafi yawan wutarsu, ba ɗaya ba ne da na Foland mai dogaro da kwal. Don haka a ɗauki wutar da jiragen suka sha a shekara, a ware kason da ya fito daga kwal, sannan a ninka shi kusan sau uku, tunda galibi kusan kashi ɗaya bisa uku kawai na zafinta tashar kwal ke mai da wa lantarki. Litar dizal kuma a ƙiyasta ta a kan kusan kilowat-awa 10 (ma'aunin da ake auna wutar da aka sha da shi), domin a haɗa su a ma'auni guda.

Bayan haka a raba jimillar da aikin da aka yi, wato kilomitocin da kowane fasinja ya yi da waɗanda kowane tan na kaya ya yi, kuma kada a cakuɗa su. Da wannan rabon ne ake ganin cewa dogon jirgin kaya na Amurka, mai taragu fiye da ɗari, ɗan dizal kaɗan yake ƙonawa a kan kowane tan, alhali jirgin fasinja na karkara da ke tafiya da kujeru babu kowa yana iya cin mai da yawa a kan kowane mutum. Alƙaluman da za a yi wannan lissafi da su ana samunsu a wurin Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Paris, kuma wajibi ne a tabbatar na shekara ɗaya aka ɗauko wa kowace ƙasa.