Darasi na 9: Ma'aunin Ruwa da Labarin Tsunami

Mu a Kano rijiya muka sani, da kududdufi, da madatsar Tiga. Da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi a hanyar Jidda. Amma duk wanda ya taɓa zura guga ya ce "bana ruwa ya yi ƙasa", ya riga ya san rabin darasin yau.

A tashoshin jiragen ruwa akwai ma'aunin ruwa. Tsohon samfurinsa kamar 'yar rijiya yake, wadda aka haɗa da teku ta ƙasa. A cikinta akwai wani abu mara nauyi da ke bisa ruwan. Ruwa ya hau, ya hau. Ruwa ya sauka, ya sauka. Alƙalami kuma yana ta zana layi a takarda. Na zamani lambobi yake aikawa kwamfuta. A yawancin wurare teku na cika ya janye sau biyu a yini, saboda jan wata da rana, don haka layin a hankali yake tafiya, kamar numfashin mai barci.

Ranar 26 ga Disamba 2004 aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin 9.1 kusa da tsibirin Sumatara a Indunusiya. Ƙasan teku ya ɗaga, ya ture ruwan da ke kansa. Wannan igiyar ruwa ita ce tsunami. Ta kashe mutum fiye da 220,000, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Da masana suka tattara abin da ma'aunai suka rubuta, sai suka ga layin ya rikice: ya yi sama, ya faɗi, ya sake tashi cikin mintuna. Suka duba agogon kowace tasha. Igiyar ta isa Siri Lanka cikin kimanin awa 2, Somaliya kuwa kimanin awa 7. Har a Barazil an ga alamarta. Inda teku ke da zurfi, gudunta ya kai wajen kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama.

Awa 7 ɗin nan ita ke ci mini rai. Lokaci ne da ya isa a kwashe masunta daga bakin ruwa, amma a lokacin babu tsarin gargaɗi a Tekun Indiya. Sai a 2006 ya fara aiki.

Ma'aunai sun kuma nuna cewa a wurare da dama ba igiyar farko ce mafi girma ba. Idan fatauci ya kai ka bakin teku, ka ga ruwa ya janye farat ɗaya, kifi na birgima a yashi, kada ka tsaya kallo. Nemi tudu, kada ka sauko sai hukuma ta ce a sauko.

Aikin aji: igiya tana gudun kilomita 800 a awa. Wani gari yana nisan kilomita 2,400. Awa nawa mutanensa ke da shi? Rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.