Yadda ake kafa hujja a muƙalar Wikipedia ta Hausa

A ce za ka rubuta muƙala a kan Kwalejin Barewa ko wata unguwa ta birnin Zariya. Kafin ka taɓa maɓallin gyara, tara madogara. Ko a Ƙofar Doka aka yanke maka cibiya, saninka ba hujja ba ne a Wikipedia. Abin da ake nema shi ne inda wani zai je ya tarar da maganar a rubuce.

Littafin da aka wallafa, mujallar jami'a da jarida mai edita su ne masu ƙarfi. Rubutun Facebook, saƙon WhatsApp da wata muƙalar Wikipedia ba sa shiga. Kuma ba dole madogarar ta kasance a intanet ba; littafin da ke Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ya wadatar, muddin ka kawo sunan marubuci, sunan littafi, kamfanin ɗab'i, shekara da lambar shafi. Lambar shafin nan ake yawan mantawa, alhali ba mai karanta shafi 400 don jimla ɗaya.

A ƙarshen jimlar ake liƙa hujjar, bayan aya. In ka rubuta cewa an fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan take ka sa bayanin madogarar tsakanin <ref> da </ref>, zai fito da kansa a ƙasan shafi.

Tarihin baka ne mai wuya. Abin da dattijo ya faɗa maka a zaure, komai ingancinsa, ba ya shiga sai an buga shi a wani wuri. Da ciwo, don yawancin tarihin Zazzau a ka yake, amma ƙa'idar ke nan. Inda masana suka saɓa, kamar zamanin Sarauniya Amina, kada ka yi alƙalanci: kawo kowane ra'ayi da sunan mai shi.

Cire kirari da addu'a. "Gwarzo" da "Allah ya ja zamaninsa" na fada ne. Kada ka kwafo jimlar wani, sake ta da kalmominka. Zargi a kan rayayye ba tare da madogara ba, gogewa ake yi.

In aka mayar da gyaranka, kada ku shiga ja-in-ja. Je shafin tattaunawa, kawo hujjarka, ka sa hannu da ~~~~.