Ga ƙannenmu masu tafiya karatu Indiya: ranar da takardunku za su sauya kama a kwamfuta

Tun da gwamnatin Kano ta dawo da tura ɗalibai karatun digiri na biyu zuwa Indiya a shekarar 2023, ba a mako guda ba tare da wani ya yi mini sallama a gida a Gwammaja yana neman shawarar tafiya ba. Maganar abinci da layin waya da masauki ba ta ɗaukar mu minti goma, domin 'yan Kano da ke can ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa, kuma duk wanda ya taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai tarar da mai jiransa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, da zarar na kawo batun kwamfuta sai yaro ya ce, "Yaya, ai wannan mun iya." Ni ma haka na ce a lokacina.

Ɗalibin da bizarsa ta wuce kwana 180 dole ne ya yi rajista da ofishin FRRO, wato ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasashen waje na Indiya, cikin kwana 14 da saukarsa, ta intanet ake yi, kuma ana ɗora hoton fuska a matsayin JPG, takardu kuma a matsayin PDF. A kwanana na biyar abokin ɗakina ya ba ni filash cike da manhajoji, na girka su ina ta danna amincewa ba tare da na karanta komai ba. Da gari ya waye sai na ga takardar shaidar makaranta da kwafin fasfona duk sun sauya tambari, wasiƙar da na rubuta da Word kuma tana buɗewa a matsayin tarin manyan fayiloli, wato folda, masu baƙin sunaye. Na yanke hukuncin cewa ƙwayar cuta ta cinye su. Cikin ruɗewa na ɗauki hoton fasfo na goge ƙarshen sunansa na rubuta pdf, shafin FRRO ya ƙi karɓa, na yi kwana uku ina zargin intanet ɗin masauki, har na fara neman kuɗin mai gyara. Wani babban yayanmu ɗan Fagge, wanda ya riga mu zuwa da shekara biyu, shi ya warware matsalar kafin shayinsa ya huce.

Abin da ya nuna mini shi ne, Windows tana gane fayil da 'yan haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa, wato wutsiyar suna, irin su pdf da jpg da docx, kuma kowace wutsiya tana da manhajar da aka ɗaura mata, wadda tambarinta ne ke bayyana a kan fayil ɗin. Sabuwar manhaja takan ƙwace wutsiyoyin da ba nata ba yayin girkawa, amma abin da ke cikin takardar bai taɓu ba. Shi kuwa docx, wanda aka fara amfani da shi a Office 2007, asalinsa ƙunshi ne irin na zip, shi ya sa manhajar matse fayiloli ta buɗe cikinsa ta nuna mini kayan hanjinsa. Sauya wutsiya da hannu ba ya mayar da hoto PDF. Wanda yake son haka sai ya buɗe hoton, ya nemi bugawa, ya zaɓi Microsoft Print to PDF.

Gyaran kuwa ga shi. Ku fara da bayyana wutsiyoyin, domin Windows tana ɓoye su: a cikin File Explorer ku shiga View ku kunna File name extensions, a Windows 11 kuma yana ƙarƙashin Show. Sannan ku danna fayil ɗin da maɓallin dama, ku zaɓi Open with, sai Choose another app, ku nuna manhajar da ta dace, ku tabbatar kun zaɓi Always, in ba haka ba gobe ma za ku tarar da abin yadda yake. Idan ɓarnar ta yi yawa, ku shiga Settings, sai Apps, sai Default apps, inda akwai maɓallin Reset da ke mayar da komai yadda ya zo. Wani lokaci fayil yana buɗewa daidai amma tambarin yana nan fari ko na tsohuwar manhaja, dalili kuwa shi ne Windows tana ajiye tambura a wata ma'ajiya mai suna IconCache. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta ie4uinit.exe -show, in bai yi ba ku kashe kwamfutar ku kunna.

Akwai abu guda da bai kamata ku haɗa da wannan ba. Idan kun kai filash shagon buga takardu, a nan Kano ko a can, kuka dawo kuka ga manyan fayilolinku sun koma masu 'yar kibiya a gefe, wannan ƙwayar cuta ce ta gaske, ta ɓoye na ainihin ta ajiye na bogi, kuma danna su shi ke shigar da ita kwamfuta. Bara wata ƙanwarmu ta danna, ta kira ni da tsakar dare tana kuka saura kwana biyu wa'adin rajistarta ya cika. Abin da ya cece ta shi ne kwafin fasfo da biza da takardar shiga makaranta da ta tura wa kanta ta imel tun tana Kano, muka sauke su a wayar abokiyar ɗakinta muka ɗora daga can.